Makaɗi Yana da Aboki Kuwa?

Mai karatu, bari in fara da wata magana da na tsinta a cikin mota, domin ita ce ta jawo wannan rubutu. Shekarun baya ne, tun hanyar Shinkafi zuwa Isa tana biyuwa kowane lokaci ba tare da mutum ya riƙa waige-waige ba. Ranar Alhamis ce, an tashi daga kasuwar Shinkafi, motar cike maƙil da mutane da buhuna, direba kuma ya danna kaset ɗin Narambaɗa. Ka san yadda abin yake a wannan yanki. Da zarar kotso ya tashi sai hira ta mutu, kowa ya shiga gyaɗa kai. Can sai wani saurayi mai riƙe da mujallar fim ya ce shi fa abin da ke burge shi da mutanen da shi ne zumunci. Wai su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo duk aminan juna ne, ba kamar 'yan fim ɗinmu ba da kullum sai ka ji wane ba ya ga-maciji da wane. Wani dattijo da ke bakin taga, mai zanen Gobirci a kumatu, ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka? Makaɗi ba shi da aboki, ubangida garai."

Aka yi dariya, aka ci gaba da sauraron waƙa. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai har yau. Tambayar da ke cikinta ta wuce makaɗan fada, ta shafi duk wanda ya yi suna a harkar nishaɗantar da jama'a: shin mutumin da ya shahara, wanda kuma yabo ne tuwonsa, zai iya samun aminin gaskiya a cikin 'yan'uwansa shahararru? Na daɗe ina juya abin. Inda na tsaya shi ne, dattijon nan ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kan abin da muke kira aboki, don Bahaushe bai zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Akwai idon sani, wanda iyakarku gaisuwa. Akwai abokin hira, akwai abokin sana'a, akwai abokin cin mushe. Can ƙololuwa kuma akwai amini, wanda sunansa ma daga amana ya fito. A ganina abu biyu ke tabbatar da amini. Na farko, zai iya kallon idonka ya ce ka yi kuskure, kuma ku kwana lafiya. Na biyu, ɗaukakarka ba ta rage masa komai, don haka in ya yi maka murna, murnar ta kai har zuci. To, duka biyun nan sana'ar shahara tana yi musu zagon ƙasa.

Dubi ƙasar da Ibrahim Narambaɗa ya tashi. Mutumin Tubali ne, a ƙasar Isa ta wancan zamani, mahaifiyarsa kuma 'yar Badarawa. Ya fara da kiɗan noma kafin ya koma kiɗan sarauta, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya hau gado a 1935. Wannan yanki ba kamar ko'ina ba ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun yi arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Daga baya wani reshe nasu a ƙarƙashin Ɗan Halima ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa, gidan jikokin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne da aka ajiye su tsare bakin iyaka. Ga garuruwa biyu maƙwabtan juna, kowanne mai mulkinsa yana amsa sunan Sarkin Gobir, ɗaya ta gadon Bawa Jan Gwarzo, ɗaya ta gadon waɗanda suka ci Gobir da yaƙi. A irin wannan wuri, mai karatu, waƙar yabo ba ado ba ce kawai. Hujja ce ake kafawa a bainar jama'a kan wane ne wane. Duk kakan da makaɗi ya ambata, da duk wanda ya tsallake, mutane suna lissafi.

Shi ya sa bakin makaɗin fada ba nasa ba ne shi kaɗai. Aikinsa ya ɗaga ubangidansa, kuma ba a ɗaga mutum sai an nuna waɗanda ya fi. Nan zambo da habaici suke shigowa. Akwai ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, akwai hakimin da ke hangen gadon, kuma kowannensu yana da nasa makaɗin da ke cin abinci a ƙofarsa. Ka ƙaddara makaɗa biyu sun haɗu a wurin bikin naɗi, sun sauka masauki ɗaya, sun raba goro da daddare, har sun yi hirar ciwon baya da tsadar fatar kiɗa. Gari na wayewa kowa zai rataya kotsonsa ya je ya jefi ubangidan ɗan'uwansa da magana. Ba ƙiyayya ce ta sa ba, aiki ne. Amma wace irin amana za ka ba mutumin da ka san duk sirrin gidanku da ya ji, gobe yana iya zama ɗan waƙa a bakinsa?

Sannan ga son kai irin na gwanaye. Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma kowaccensu waƙa ce da gwani ke wasa kansa da kansa, yana shaida wa duniya ba shi da na biyu. Ban ga laifinsu ba. Wanda zai tsaya gaban sarki da dubban mutane ya buɗe baki, dole ya fara yarda da kansa kafin kowa ya yarda da shi. Sai dai in mutum biyu kowanne ya rantse shi ne na ɗaya, to zaman da za su yi na girmama juna ne daga nesa. Mai koda ba ta son mai koda, in ji masu magana. Tsarin ma da kansa ya rarraba su: Salihu Jankiɗi yana Sakkwato wurin Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo ya yi Argungu ya koma Yawuri, gidan su Ɗanƙwairo na Maradun, Narambaɗa na Isa. Mu ne da muka zo daga baya muka jera kasa-kasansu a kanta ɗaya, sai muke ganin kamar tare suke kwana suke tashi.

Kada ka ce wannan halin fadar Bahaushe ne kurum. Mu leƙa Amurka. A wajajen 1960 babu gungun taurari da ya kai na su Frank Sinatra da Dean Martin da Sammy Davis suna, waɗanda ake kira Rat Pack, kamar ka ce gungun ɓeraye. Da rana suna ɗaukar fim ɗin Ocean's 11 a Las Begas, da dare su hau dandamali a otal ɗin Sands suna waƙa suna tsokanar juna, irin wasan da Bagobiri ke yi da Bayarabe. Jama'a na kallo suna cewa ga abota. Kuma akwai ta, ba ƙarya. Sammy baƙar fata ne, a zamanin da baƙi ke iya yin wasa a otal amma a hana shi kwana a ciki, Sinatra kuwa ya tsaya masa a wurare da yawa, shi ne ma babban abokin ango ranar da Sammy ya auri wata Baturiya 'yar Suwidin a Nuwamban 1960. To amma sai sarki ya shigo tsakani. Sinatra ne ya shirya gagarumin bikin da aka yi wa Kennedy a Janairun 1961 lokacin rantsar da shi shugaban ƙasa, kuma aka cire sunan Sammy saboda wannan aure, don kada a ɓata wa Turawan kudancin ƙasar rai. Aka yi biki ba shi. A 1962 kuma Kennedy ya fasa sauka gidan Sinatra ya sauka gidan Bing Crosby, sai Sinatra ya huce a kan Peter Lawford, ɗan gungunsu kuma surukin gidan Kennedy, ya yanke hulɗa da shi. Ka ji fa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Isa ba, amma maganar dattijon motar nan ta hau kansu daidai wa daida.

Zuwa nan sai ka ce shi ke nan, dattijo ya gama magana. A'a. Amsarsa tana cikin kaset ɗin da muke ji a motar, ba mu lura ba ne.

Waƙar fada ba mutum ɗaya ke yin ta ba. A wurin Shata, 'yan amshi galibi gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya yadda Allah ya hore masa. A kiɗan kotso da taushi abin ya sha bamban. Jagora zai ɗauko magana ya kai ta rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, wani lokaci a yi ta karɓeɓeniya har ka rasa inda muryar wani ta ƙare ta wani ta fara. Hakan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya waƙar tare, an maimaita ta har ta zauna. A wannan zama na cikin zaure, inda babu sarki babu 'yan kallo, nan ne kaɗai wani zai iya ce wa gwani, "Wannan ɗan bai zauna ba, a sake shi." Ka tuna sharaɗinmu na farko? Ga shi nan. Na biyun ma yana nan, domin in jagora ya samu doki, gidan ɗan amshi ma za a ɗora tukunya. Waɗannan mutane su ne suka bi shi a ƙasa da bisa doki daga gari zuwa gari, suka san ranar da muryarsa ta dushe suka rufa masa asiri da tasu, suka san bashin da ake bin sa. In makaɗi yana da amini, to a bayansa yake tsaye, riƙe da kotso.

Yanzu in tambaye ka, kai da ka haddace waƙoƙin Narambaɗa: kawo sunan mutum uku daga cikin masu yi masa amshi. Yawancinmu sai mu yi shiru. Ko littafin da Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza ya rubuta a kansa a 2009, sunan mutum ɗaya ne a bangonsa, kuma haka duniya take, ba laifin marubuci ba ne. Abotar da ta fi kowace ƙarfi a wannan sana'a ita ce wadda ba a ɗaukar ta hoto.

Musa Ɗanƙwairo ya san wannan matsayi ciki da waje, don ya zauna a cikinsa. Shekaru ya yi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, yana karɓi. Da Sardauna Ahmadu Bello ya buƙaci makaɗi daga Maradun, Ɗanƙwairo ne ya tafi, sunan ƙane ya zo ya shafe na wa a kunnen duniya. Ina yawan tunanin wannan gida. Ɗan amshin jiya ya zama jagora, har ya fi wanda ya yi wa amshi. A nan ake gane ko zaman da aka yi na amana ne ko na jiran lokaci, kuma jarrabawar ta fi tsanani a kan wanda aka wuce.

Masu kallon finafinan Indiya sun san irin wannan. Raj Kapoor ne fuska, amma muryar da ta sa iyayenmu hawaye a silima, daga Awaara na 1951 zuwa Sangam na 1964, ta Mukesh ce. Da Mukesh ya rasu a Amurka a watan Agustan 1976, an ruwaito Raj Kapoor yana cewa muryarsa ce ta tafi. Su biyun ba su taɓa takara a kan abu ɗaya ba, shi ya sa abin ya ɗore. Kwatanta da Salim da Javed, gwanaye biyu masu ƙarfi ɗaya, waɗanda suka rubuta Sholay na 1975, fim ɗin da har gobe in ana misalin abota sai an ambaci Jai da Veeru. Su da suka rubuta wannan abota, a 1982 suka raba gari.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Za ka ce wannan ai ba abota ba ce, barantaka ce aka sa mata riga. Yaya za a kira mutum amininka alhali kai ke yanka masa rabo? Maganar tana da nauyi. Hasali ma a nan ne mutuncin gwani yake tsayawa ko ya zube, wato ranar rabon kyauta. An dawo daga fada da doki da riguna da rawuna da kuɗi, a zamanin baya-bayan nan har da mota da kujerar Makka. Kowa ya san jagora ke da kaso mafi tsoka, ba mai jayayya. Amma tsakanin kaso mafi tsoka da haɗiye duka akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ake samun amini ko a rasa shi. Sau nawa muka ji gwanin da ya yi suna wajen kyauta a waje, yana raba kuɗi a tasha, yaransa kuwa suna kwana da yunwa? Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Shi kansa Raj Kapoor bai fita tsaf ba. Bayan Mera Naam Joker ya faɗi a kasuwa a 1970, Jaikishan kuma ya rasu a 1971, da ya tashi yin Bobby sai ya ɗauko wasu masu kiɗan, ya bar Shankar da suka faro tafiya tare tun Barsaat. Wataƙila ta fuskar kasuwa ya yi daidai, don Bobby ya ci kuɗi. Ta fuskar amana fa? Ni dai ba zan so in zama Shankar a ranar ba.

Saboda haka ba na cewa kowane ɗan amshi aminin jagoransa ne. Cewa nake ƙofar abota a nan take a buɗe, kuma makullinta yana hannun babba. Shi zai zaɓa ko ya mai da mutumin nan ɗan'uwa ko ya bar shi ɗan ɗaukar kaya.

Saura ubangidan da dattijo ya ambata. Narambaɗa ya yi kusan shekara talatin a ƙofar Sarki Amadu, har ya rasu a farkon shekarun 1960, sarkin kuma ya rayu bayansa. Duk wanda ya saurari waƙoƙin nan da kunnen basira ya san akwai ƙauna a ciki, don kwaɗayi kaɗai ba ya haifar da irin wannan magana. Kuma makaɗi yana da wata dama da bafade ba shi da ita, yana iya naɗe gargaɗi a cikin yabo, ya ce sarki mai haƙuri ne a ranar da ake tsoron fushinsa, sarki ya ji ya gane. Duk da haka ba zan kira shi aminci ba. Ɗaya yana bisa karaga, ɗaya yana durƙushe. Addini ma ya ja kunnenmu game da masu yabon mutum a gaban idonsa, ya kuma ce mumini madubin ɗan'uwansa ne. Madubin da aka saya don ya riƙa nuna kyau kaɗai, ranar da fuska ta yi baƙi ba zai faɗa ba. Sannan in ubangida ya faɗi, dole makaɗi ya nemi wata inuwa. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, Ɗanƙwairo kuma ya rayu har 1991 yana yi wa sarakuna da masu hali waƙa, daga Tsafe zuwa Daura zuwa Kano. Wani zai ce ina amana? Ni ban ga cin amana ba. Yana da mutane a bayansa da ke jiran a raba, kuma haƙƙinsu ya fi kusa da wuyansa.

To mu dawo gida, wurin saurayin nan mai mujalla. Abin da ya ɗauka lalacewar zamani ce, tsohon ciwo ne ya sake riga. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin da Sangaya ya buɗe kasuwa, 'yan fim sun tashi ba su da sarki, amma ba su rasa ubangida ba. Da farko 'yan kasuwar kaset ne na Ƙofar Wambai da Bata, su ke cewa fuskar wane ce ke sayar da fim. Daga baya 'yan siyasa suka karɓa, har ta kai ana gane jarumi ko mawaƙi da jam'iyyar da yake wa rawa, abokai su rabu ranar da iyayen gidansu suka rabu, su shirya ranar da aka ce a shirya. Hoton da ake ɗauka an rungume juna a wurin bikin ba da kyauta, an rubuta "ni da aminina" a ƙasa, kada ya ruɗe ka, haka kuma labarin rigima kada ya sa ka yanke ƙauna. Ana samun na gaske jefi-jefi. Mutane da yawa sun ɗauka Ali Nuhu da marigayi Ahmad S. Nuhu wa da ƙane ne, saboda suna da kuma yadda suka shaƙu, alhali dukkansu jarumai ne masu neman ido ɗaya, har hatsarin mota ya ɗauke Ahmad ranar 1 ga Janairun 2007. Amma ka lura, ko a nan ɗaya ya yarda ya zama ƙane.

Su wa ke matsayin 'yan amshi a industiri? Mawaƙan situdiyo da jarumi ke motsa baki a kan muryarsu, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙassim da Sadi Sidi Sharifai a wancan lokaci. Sai mai kiɗan fiyano, da mai ɗaukar hoto, da mai tace fim, da yaron da ke riƙe wa jarumi jaka a lokeshin, wanda ya san ranar da ya zo aiki bai yi barci ba. In kana son sanin ko tauraron da kake so mutumin kirki ne, kada ka tambayi taurari 'yan'uwansa, don su ma suna da abin karewa. Bincika ka ji ko waɗanda suka fara da shi suna tare da shi har yanzu, in kuma sun watse, me ya watsa su.

Yau hanyar nan ta Isa da Sabon Birni ta zama abin da ta zama saboda 'yan bindiga, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Kaset ma ya zama tarihi, waƙoƙin sun koma cikin waya. In ka samu sarari yau da daddare, ɗauko ɗaya daga cikin na Narambaɗa, ka sa abin ji a kunne. Wannan karon ka bar bin muryarsa. Jira daidai inda zai saki magana a tsakiya ya ja numfashi, ka ji su wa ke ɗauka.